Gajiyar da Barci Ba Ya Warwarewa

'Yata, ina gajiya? Na san amsar da za ki ba ni. Za ki ce ba gajiya, kamar yadda kowa yake cewa. To, ni dai na ga idonki ran sunan nan na Bosso, kuma idon bai ce haka ba.

Kin zo a makare. Kika zauna kusa da ni, waya tana ta kuka a hannunki kina ta katsewa. Aka kawo tuwo, kika yi loma uku kika ture. Da na tambaye ki shago, sai kika ce, "Alhamdu lillahi Goggo, aiki ya yi yawa." Kika faɗe shi kamar mai kawo labarin rasuwa. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuto miki. In na zo Tunga ba za ki sami sukunin saurarena ba. Kekuna suna kuka, janareta yana ruri, masu kaya suna tsaye a kanki.

Kada ki ɗauka faɗa zan yi. Me kika yi na faɗa? Yarinyar da ta fara da keken ƙafa guda ɗaya a zauren gidan ubanta, yau ga teloli tara da 'yan koyo shida a ƙarƙashinta. Mata suna tasowa daga Chanchaga da Maitumbi da Kpakungu, su wuce shaguna nawa, su kawo miki atamfarsu. Ko a gidan biki aka yaba ɗinki aka ce naki ne, sai in ji kamar ni na riƙe almakashin. Allah Ya ƙara albarka.

Amma gajiya iri biyu ce, 'yata. Akwai ta jiki, irin ta manomi. Ya wuni yana huɗa, ya dawo ya ci tuwo ya kwanta, gari na wayewa ya tashi garau. Akwai kuma wadda ake kwana da ita a tashi da ita. Ita wannan tana kama mutum ne idan hannunsa yana aiki a nan, zuciyarsa ba ta yarda da aikin ba, idonsa kuma yana hangen wani wuri dabam. Irinta na gani a fuskarki. Na gane ta ne don na taɓa ɗaukarta.

Kin san jirgin ƙasa ne ya kawo kakanku garin nan. Tun da aka gama shimfiɗa layin Baro zuwa Kano a 1911, na Legas kuma ya zo ya haɗe da shi a nan, Minna ta zama mahaɗa. Kowa ya zo da abin da zai sayar, ya tarar da masu ƙasa, Gwarawa, ko Gbagyi yadda suke kiran kansu, da doyarsu. Ni a cinikin doyar nan na buɗe ido. Ina zuwa Paiko da Gwada da Kuta ranar kasuwa, in saya ƙwarya-ƙwarya, a loda a mota a yi arewa da ita. Ina da manoma da suke ware mini kaya tun ban iso ba. Babu takarda tsakaninmu. In na ce ranar kaza zan kawo cikon kuɗi, to ranar kaza za su gan ni. Aikin akwai wuya, ba zan ɓoye miki ba. Tashin asuba, ƙura, rana, jijjigar bayan mota. Amma in na dawo na watsa ruwa na yi isha'i, barcin da nake yi ko jariri sai haka.

Sai aka ƙirƙiro Jihar Neja a 1976, Minna ta zama babban birni. Ofisoshi suka tsiro, kwangila ta shigo gari. Da ɗan garin nan ya hau mulkin ƙasa a 1985 kuwa, sai ka ce kowa da takardar kwangila aka haife shi. Ƙawayena suka fara zuwa biki da leshi da gwal. Ni kuwa ƙafata duk jar ƙasar Paiko. Sai na ji doya ta yi mini ƙauyanci. Babu wanda ya ce mini haka. Ni na gaya wa kaina.

Na nema, na samu. Aka ba ni kwangilar kai kayan abinci wata makarantar kwana. Ba zan faɗi sunanta ba, don abin da na yi wa kaina ya fi abin da aka yi mini. Na kwashi kuɗin da zan kai wa manomana na sayi hatsi da mai, da nufin in an biya ni in mayar. Wata ɗaya, wata uku, wata bakwai, shiru. Lokacin kuma Naira ta fara zubewa, bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986. Kuɗin da nake bi yana nan yadda aka rubuta shi, buhun da zan saya gobe kuwa ya ƙara tsada. Wani ya raɗa mini cewa takarda ba ta tafiya sai da ɗan goro. Wata da ta riga ni shiga harkar ta ce, "Ke ma dai, ki riƙa rage mudu biyu a kowane buhu, wa zai auna?"

Na rage, 'yata. Sau biyu. Ban taɓa gaya wa ubanki ba.

Daga ranar barci ya ƙaurace mini. In na rufe ido sai in ga yaran mutane sun yi layi da kwanoni. Ga abin mamakin: a kwangilar nan ban ɗauki ko ƙwayar doya ɗaya ba. Aikina kawai zama a kan benci a ƙofar ofis, ina jiran wanda aka ce ya fita. Amma ban taɓa jigata irin ta wannan shekarar ba. Na rame. Na zama mai faɗa a gida. Da na ga abin zai kai ni inda ba na so, na cika buhunan da na rage, na karɓi abin da aka ba ni, na fita da asara. Da na koma Paiko, wani dattijo cikin manomana ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Hajiya, ai mun ɗauka rasuwa kika yi." Bai ƙara ko kalma ba. Da zagina ya yi, da ya fi mini sauƙi. Sai da na yi damina biyu ina biyan tsohon bashi kafin a sake ware mini kaya tun ban iso ba.

To, mu dawo kanki. Bari in fara da jikin, don shi ne ba ya ƙarya.

Ana yi wa jiharmu kirari da wutar lantarki, ko da yake ke da kike sayen man janareta kullum dariya za ki yi. Ga Kainji tun 1968, ga Jebba, ga Shiroro da aka buɗe a 1990 a kan kogin Kaduna, ga kuma Zungeru ta baya-bayan nan. Wani yaron maƙwabtanmu da ya yi aiki a Shiroro ya taɓa yi mini bayani. Ya ce da damina ake tara ruwa, sannan a riƙa sakinsa da awo. In aka saki da yawa don ana ganin tafki a cike, kafin bazara ruwan ya ja baya, injuna su rasa abin juya su. Tun daga ranar nake kallon ƙarfin mutum haka. Ke kuwa duk ƙofofinki a buɗe suke, dare da rana.

Dubi yadda kike yi da azumi. Har ashirin da biyar ga wata kina karɓar kaya. Kowa ya zo da marairaita sai ki ce a ajiye. Na san kunya ce, da tausayi, da kuma tsoron kada su tafi wani shagon. Amma ki zauna tun Sha'aban ki yi lissafi. Kowane tela kaya nawa yake iya gamawa a wuni, gamawa mai kyau? Kwana nawa ke nan zuwa Sallah? Ki cire ranakun da wuta za ta ɗauke. Ki cire na wanda zazzaɓi zai kwantar, don sai an samu. Abin da ya rage shi ne iyakarki. In littafi ya cika, ki rufe shi, ki ba da haƙuri da fara'a. Daidai ruwa daidai tsaki.

Ɗinkin dare da kike ganin riba ne, ki auna shi da kyau. Tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023, kuɗin fetur ya kusa ninkawa uku cikin 'yan kwanaki, bai kuma dawo inda yake ba. Rabin abin da aka ɗinka da ƙarfe biyu na dare, mai gidan mai aka ɗinka wa. A irin wannan lokacin ne kuma almakashi yake yin ɓarna. Ido ya yi nauyi, a yanke hannun riga ba daidai ba a leshin amarya. Sai biya, sai ban haƙuri, sai sunan da aka shekara goma ana ginawa ya sami tabo a dare ɗaya.

Sannan ki lura da kanki. Na san ki tun kina ƙarama, ke mai safiya ce. Daga hantsi zuwa azahar kanki a buɗe yake. To, a nan za ki sa awo da yanka da fitar da sabon salo, abin da babu mai yi kamarki a shagon. Saka maɓalli, guga, zuwa Kasuwar Kure sayen zare da zif, amsa waya, duk akwai masu yi. Yanzu makulli a hannunki, kuɗi a hannunki, tef a wuyanki, waya a kunnenki. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Za ki ce ba za su yi kamar yadda kike yi ba. Gaskiya ne, da farko ba za su yi ba. Ke ma rigar farko da kika ɗinka mini, hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo, na kuma sa ta na je biki.

Ki sani kuma, gajiyar shugaba ba tasa ba ce shi kaɗai. In uwar ɗaki ta shigo da ɓacin rai, ranar har zare tsinkewa yake yi. Yaran nan fuskarki suke fara dubawa kafin su dubi keke.

Sai maganar da ta fi yi mini nauyi. Ran da na zo karɓar mayafina, wata mata ta shigo neman kayanta. Kina ciki. Na ji kin ce wa ƙaramar yarinyar nan, "Je ki ce na fita, ta dawo jibi." Yarinyar ta je ta faɗa, ta dawo tana sunkuyar da kai. Ke ma da kika fito ba ki iya haɗa ido da ni ba. Na yi shiru, don ba a gyara babba gaban yaransa.

Na san ba halinki ba ne. Matsi ne. Kin ɗauki alkawarin da ya fi ƙarfinki, sai ƙarya ta zo ta ce za ta taya ki ɗauka. Alkawari kaya ne, ita kuwa ƙarya 'yar dako ce mai tsadar lada. Irin ragin muduna ne, 'yata. Ƙanƙane ne a ido, amma shi yake cin barci. Ki kuma tuna, iyayen yarinyar nan ɗinki suka kawo ta koya. Ran da za ki yaye ta, za ta tafi da hannunki a yanka, za ta kuma tafi da "je ki ce na fita". Shekara ashirin nan gaba tana can a Kontagora ko Bida tana koya wa wasu. Wanne kike so a ce a wurinki aka samo?

Da kin fito kin ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, ban gama ba, laifina ne, ranar Laraba da la'asar zan aiko miki har gida," za ta yi fushi, ba shakka. Amma fushin da ake yi wa mai gaskiya ba ya kwana biyu. In Larabar ta zo kika cika, kin sami abokiyar ciniki ta har abada.

Haka ragowar yadi. Ko tafin hannu ne, ki naɗe ki sa mata a leda. Haka kuɗin teloli. Ranar biya ranar biya ce, ko da ke za ki kwana ba ki sayi komai ba. In an kira salla, a tsayar da kekuna, duniya ba za ta tashi ba. Shekara ta zagayo, ki ƙirga kaya da kuɗi, in sun kai nisabi ki fitar da ɗaya cikin arba'in. Ƙirgar nan ma wani alheri ne a ɓoye, don a nan da yawa suke gane cewa jarin da suke taƙama da shi bashi ne ya yi masa yawa. Ba sabon abu nake gaya miki ba. Fiyayyen halitta, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi fatauci zuwa Sham da dukiyar Nana Khadija tun kafin aike, kuma amanarsa ce ta fara jawo hankalinta.

Yanzu sai Abuja. Mahaifiyarki ta ce kina neman shago a can, har kin fara shiga adashe na biyu don kuɗin haya. Ban ce kada ki je ba. Tambaya ɗaya gare ni: wa yake son shagon nan? Ke ce, ko ƙawar nan taki da kike kallon hotunanta a Instagram kullum dare? Ki amsa wa kanki, ba ni ba. Hoto ba ya nuna bashi, kuma ana yi wa rogo kallon kitse.

Ina tuna ran da kika sayi kekenki na biyu. Kika zo ɗakina da murna, kika gaya mini buri biyu. Kika ce kina so kada wata yarinya ko bazawara a danginmu ta sake roƙon kuɗin sabulu. Kika ce kina so ki gina shagon kanki ki huta da mai haya. Ban ji Abuja a ciki ba. Mutum yana iya sauya buri, ba laifi ba ne, girma ne ma wani lokaci. Amma ki duba ko sauyawa kika yi, ko kuwa aro kika yi. Burin aro kamar takalmin aro ne, ana isa gidan biki da shi, amma ƙafa ce take sani. Ki kuma sa hanyar Suleja a lissafi, wadda aka daɗe ana aikinta. Sau nawa za ki bi ta a mako? Wa zai riƙe Tunga ranar da kike can? Wa zai duba karatun yara? Taura biyu ba ta taunuwa, sai in an ajiye ɗaya a hannun amintacce. In har zuciyarki ce take so, to ki fara da rainon wadda za ta tsaya a madadinki. Ki ba ta makulli wuni ɗaya a mako, sannan biyu. In kika yi wata guda ba ki leƙa ba shago bai girgiza ba, lokaci ya yi.

Ciro Naira ashirin a jakarki ki juya bayanta. Matar nan da take gina tukunya Ladi Kwali ce. A wurin 'yar uwar iyayenta ta koyi ginin tukwane tun tana yarinya, kin ga mu ma muna da rana. A 1954 ta shiga cibiyar tukwane da wani Bature, Michael Cardew, ya buɗe a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yau. Ita ce mace ta farko a wurin. Ta koyi sababbin dabaru, ta koyi gashi a wuta mai tsanani, amma ba ta yar da abin da ta taso da shi ba. Tulunanta dai na gida ne, da zanen ƙadangare da kunama da kifi da kada. Da su ta je Ingila da Amurka tana nuna hannunta. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977. A nan Minna ta rasu a 1984. Abin da take so, da abin da ta iya, da abin da ta sa a gaba, duk tukunya ɗaya ce. Shi ya sa ƙarfinta bai watse ba.

Ko ki dubi Sheikh Ahmad Lemu da maiɗakinsa Hajiya Aisha, Allah Ya jiƙansu. Tun 1969 suka kafa gidauniyarsu ta ilimin Musulunci, ga hedikwatarta nan cikin gari. A nan Minna aka kafa ƙungiyar mata Musulmi ta FOMWAN a 1985, Hajiya ce shugabarta ta farko. Shekara hamsin suna kan layi ɗaya, karantarwa. Ta rasu a farkon 2019, shi kuma a ƙarshen 2020, amma je ki gani, makarantu suna nan a buɗe, don sun raini masu riƙewa tun suna da rai. Shi ma Janar Abdulsalami, wata goma sha ɗaya ya yi a kan kujera, ya miƙa mulki ran 29 ga Mayun 1999, ya dawo gida ga gonarsa ta Maizube a hanyar Bida. Sanin inda za a tsaya ma wani ilimi ne.

Ga abin da nake so ki yi mini. Mako guda kawai, ki ajiye ɗan littafi kusa da keke. Duk abin da ya ci miki lokaci ki rubuta. In Juma'a ta zo, bayan asuba, kafin yara su tashi, ki duba shi. Ki yi alama a kan abin da ke kaɗai ce za ki iya. Ki yi wata a kan abin da kika yi zuciyarki tana ƙi. Sannan ki nemi burin nan biyu da kika gaya mini, ki ga ko sun sami ko awa ɗaya a cikin makon. In kin gama ki yi istihara, ki kuma zauna da maigidanki ku yi shawara. Mutumin kirki ne, ya daɗe yana kallonki yana haƙuri.

Atamfar nan tawa da ke wurinki, kada ki tayar da hankalinki a kanta. Ba inda za ni. Ki sa ta a layi kamar ta kowa, ki faɗa mini ranar gaskiya, ko da bayan Sallah ce. Ranar Asabar zan aiko yaro da doya, ta Paiko ce, daga gonar jikan dattijon nan. Ki sa a daka miki sakwara, ki bar wayar a ɗaki, ki zauna ki ci da yaranki. Ki gaishe su, ki gai da maigidan.

Goggonki.